Wufar da Ta Hana Maƙwabci Barci

A wata unguwa da ke bayan kasuwar Jega akwai gidan kallo irin wanda ake gani daga nan har Aliero da Maiyama: ɗaki mai tsawo, ginin bulo, rufin kwano, bencuna a jere, talabijin a gaba, janareta a waje. Mai shi saurayi ne da ya yi wata da watanni yana tara kuɗin shiga har ya sayi wufa, baƙin akwatin nan mai fitar da kaurin sauti, domin faɗan fina-finan Indiya na fassara ya riƙa girgiza ƙirji, gurnanin filin wasa na ranar Firimiya kuma ya cika ɗakin. Ya ajiye ta a kusurwa, don nan soket yake.

Mako bai cika ba ƙorafi biyu suka taso, kowanne yana ƙaryata ɗan'uwansa. Masu zama a tsakiyar benci suka ce an cuce shi, wufar ba ta da ƙarfi. Dattijon da ɗakin kwanansa ke haɗe da bangon gidan kallon kuwa ya aika aka kira shi. "Yaro," in ji shi, "wanga abu naka ba kunne yake shiga ba, ƙashi yake shiga. In ba ka gyara ba, mai unguwa zai ji." Saurayin ya durƙusa ya ce, "A yi haƙuri, Baba." Ya tashi bai san inda zai kama ba. In ya rage murya, 'yan kallo su koma wani gidan. In ya ƙara, a rufe masa wajen neman abinci.

Gaskiyar kowane ɓangare ce, kuma tushen ɗaya ne. Sauti girgizar iska ne, yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, ko ma fiye da haka kaɗan a zafin bazarar Kebbi. Siririn sauti, kamar usur ɗin alƙalin wasa, yana girgiza sau dubbai a daƙiƙa, zangon igiyarsa kuma bai wuce tafin hannu ba, shi ya sa bango ke tare shi. Mai kauri ba haka yake ba. Sautin da ke girgiza sau 40 a daƙiƙa, abin da ake rubutawa 40 Hz a jikin na'ura, zangonsa ya kai mita 8 da rabi. Irin wannan yana motsa bangon kansa, bangon kuma ya motsa iskar ɗakin maƙwabci. Duk wanda ya taɓa jin tambari daga nesa da dare, alhali muryoyin mutanen da ke wurin ba sa iso shi, ya san abin.

Faɗin ɗakin kallon mita 4 ne da 'yan kai, wato rabin wancan zango daidai. Igiyar kan bugi bango ɗaya ta dawo ta gamu da mai tahowa, sai su tsaya wuri guda suna kokawa: a jikin bangon dama da na hagu ƙarfinsu ya haɗu ya ninka, a tsakiya kuwa su kashe juna. Inda samari ke zaune nan ne sautin ke mutuwa, inda dattijo ke ɗora kai nan ne ya fi rai. Kusurwa kuma ita ce wurin da ya fi tayar da wannan kokawa, domin bango biyu da daɓe duk suna mayar da sautin. Kowane ƙarin murya da saurayin ya yi don faranta wa 'yan tsakiya, ɗakin Baba ya tafi.

Wani mai gyaran rediyo, wanda ya daɗe yana haɗa sauti a wuraren biki da wa'azi, shi ya zo da magani, kuma maganin ya ba mutane dariya. Ya sa aka ɗora wufar a kan bencin tsakiya, aka kunna waƙa mai kiɗa da nauyi, ya ce wa saurayin ya yi rarrafe a gindin bangon gaba yana saurare. Dalilin kuwa, hanyar sauti ɗaya ce zuwa da dawowa: wurin da kunne ya ji kaurin ya fito sumul, ba kumburi ba rami, nan ne in aka ajiye wufar mai zama a benci zai ji haka. Saurayin ya yi ta jan gwiwa cikin ƙura, yara na leƙe ta taga, har ya tsaya kusa da tsakiyar bangon, ƙarƙashin talabijin. Lissafi ma nan zai nuna, don wufar da ke zaune a inda igiyar ke mutuwa ba ta iya tayar da ita.

Saura maɓallan baya, waɗanda yawancin masu saye ke murɗewa har ƙarshe da zaton yawa shi ne kyau. Na farko shi ne iyakar da wufa ke karɓar aiki daga ƙananan sifikoki. Mai gyaran ya mayar da shi 80, adadin da kamfanin THX na Amurka ya sa ya zama ma'auni. Ƙasa da nan kunnen mutum ba ya saurin gane inda sauti ke fitowa. Sama da nan kuwa muryar mai sharhin ƙwallo kan fara fita ta wufar, ta yi kamar mai magana cikin randa. Na biyu ɗan makunni ne mai 0 da 180, wanda ke sa fatar wufa ta tura iska tare da sauran sifikoki ko akasinsu. Aka sa yaro yana juya shi, su suna zaune a benci, aka bar shi a inda kaurin ya fi cika. Sai a ƙarshe aka taɓa murya, aka rage ta da yawa, ba kuma wanda ya ce an rage.

An shimfiɗa tsohuwar robar taya a ƙarƙashin akwatin don kada girgiza ta bi daɓe. An hau sama an ƙara ƙusa a kwanuka biyu da ke karkarwa, waɗanda ashe rabin abin da ake kira ƙarfin wufa nasu ne.

Da daddare saurayin ya bar fim yana tafiya, ya yi sallama gidan dattijon, ya nemi izini ya shiga ya dafa bangon da tafin hannu. Akwai sauran motsi, kamar na babbar mota da ke wucewa can kan titin Yawuri. Suka yi yarjejeniya cewa da ƙarfe 10 na dare za a kashe wufar a bar ƙananan sifikoki, ko da wasan Zakarun Turai bai ƙare ba. Dattijon ya ce ihun da ake yi in an ci ƙwallo fa? Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, "Wannan, Baba, ba shi da maɓalli."