Ganga a Bakin Gona: Tafiya Zuwa Karkarar Dambatta

A watan Yuli, lokacin da gero ya kai gwiwa manoma suka shiga maimai, na kama hanyar Dambatta da tambaya guda a raina. Zance ya yi yawa a wayoyin matasa cewa wai in aka sa wa shuka kiɗa mai taushi takan yi saurin girma, in kuwa aka sa mata mai hayaniya sai ta tsumbure. Na ga bai kamata mu tsaya jiran amsa daga ƙasashen waje kaɗai ba, alhali tun kaka da kakanni Bahaushe ke kai ganga gona. In akwai wanda ya san abin da kiɗa ke yi wa hatsi, to manomin ƙasar Kano ne.

Mun bi titin Katsina, muka wuce Dawanau da manyan motocinta masu lodin hatsi, sannan muka miƙe arewa. Da gidajen bulo suka fara ja da baya sai gonaki suka karɓe hanya dama da hagu. Abin da baƙo zai fara lura da shi a nan shi ne babu daji. Gona na ƙarewa wata na somawa, iyakarsu layin gamba ne ko 'yar siririyar hanyar ƙafa. Gero da dawa a kunya ɗaya, wake da gyaɗa a tsakaninsu, ga ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo tsaitsaye a tsakiyar gonaki, kowace bishiya da mai ita. Ba ka yin nisa sai ka hango wani rukunin gidaje. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga baya ya dawo Jami'ar Bayero, ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne yadda ƙasa mai rairayi, mai cunkoson jama'a haka, ake nome ta kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba. Amsar tana kan bayan jaki: mangalar taki daga turken dabbobi da jujin birni, duk rani.

Na sauka a wani ƙauye da ke gefen Dambatta, gidan wani dattijo aminin mahaifina. Bayan sallar Magariba, muna zaune a kan tabarma a ƙofar zaure, na gabatar masa da tambayata. Bai yi dariya ba, bai kuma yi saurin amsawa ba. Ya ce, “Ɗana, ni dai ban taɓa ganin gonar da ganga ta nome ba. Amma na sha ganin gonar da ba don ganga ba da ciyawa ta cinye ta. Ka kwana, gobe akwai gayya a gonar wani maƙwabcinmu da ciwo ya kwantar, ka je ka gani da idonka.”

Da sassafe muka tarar mutane sun riga mu. Magidanta da samari sun jeru a bakin gona, kowa da fartanyarsa, kowa ya kama kunyarsa. Makaɗin tsoho ne, da gangarsa rataye a kafaɗa, wani yaro na biye da shi da ƙaramar ganga. Da ya saki kiɗan farko sai na ga abin da ba a iya bayyanawa a takarda yadda ya kamata: mutane suka sunkuya tare, fartanyu suka tashi tare suka sauka tare. Makaɗin ba ya tsayawa wuri guda. Yana bin layin, in ya zo kan mutum sai ya juya kiɗan zuwa takensa, ya ambaci ubansa da kakansa da irin damman da suka ɗaure a zamaninsu. Wanda aka kaɗa wa take sai ka ga jikinsa ya tsuma, ya yi kirari, ya bar na kusa da shi a baya. Wanda ya fara sanyi kuwa, ganga ce ke zuwa ta tsaya a kansa har sai ya ji kunya ya ƙara himma. Mata suka kawo fura da hantsi, aka sha a tsaye. Kafin Azahar an gama gonar da mutum ɗaya zai kwashe kwanaki yana fama da ita.

A nan na fahimci maganar dattijon. Noman firi da maimai suna da lokaci, kuma lokacin gajere ne. Damina a arewacin Kano ba ta wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Ciyawa na cin takin da aka wahala aka kawo, tana shan ruwan da gero ke bukata, tana tare masa rana tun yana ƙarami. Gonar da aka nome yau da wadda aka bari sai bayan mako biyu ba za su ba da dami ɗaya ba. Saboda haka lallai ganga na ƙara hatsi, sai dai ta hannun manomi take bi. Ba banza ba aka ware wa noma kiɗansa, kamar yadda mahauta ke da kalangu. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, mutumin Bakura da ya rasu a 1991, kiɗan noma ya gada a gidansu kafin ya zama makaɗin fada.

Da yamma jikan mai masaukina, ɗalibin sakandare, ya same ni a gindin tsamiya da wayarsa. Shi ne mai riƙe da zancen kiɗa da tsiro a gidan. Ya ce, “Kawu, ai Turawa sun gwada, kuma sun tabbatar.” Na ce masa sun gwada kam, amma tabbatarwa wani abu ne daban. Yawancin wannan zance ya samo asali ne daga wata mata 'yar Amurka, Dorothy Retallack, wadda ta yi gwaji a birnin Denver ta fitar da littafi a 1973. Ta ce tsirran da aka sa wa kiɗa mai ƙara sun kauce wa inda sautin ke fitowa, waɗanda aka sa wa kiɗan Indiya mai taushi kuwa sun karkata gare shi. Masana ilimin tsirrai ba su karɓi wannan ba, domin tsirran da ta gwada ba su da yawa, kuma ba a daidaita haske da ruwa da ƙasa yadda za a iya cewa kiɗan ne kaɗai ya kawo bambanci ba. Tsiro ba shi da ƙwaƙwalwar da zai zaɓi garaya ya ƙi kalangu.

Amma ban so yaron ya tashi da tunanin cewa duk maganar shirme ce ba, don akwai gaskiya a kusa da ita, kuma ta fi ƙaryar ban sha'awa. Sauti girgiza ce, tsiro kuwa yana jin girgiza a jikinsa. A 2014 Heidi Appel da Rex Cocroft na Jami'ar Missouri sun ɗauki girgizar da tsutsa ke yi sa'ad da take cin ganye, suka maimaita ta a jikin wani ɗan tsiro dangin kabeji. Da tsutsa ta gaske ta zo daga baya, tsiron ya fitar da sinadarin kare kai fiye da wanda ba a yi wa haka ba, girgizar iska kuwa ba ta sa shi yin hakan ba. A 2019 masu bincike a Jami'ar Tel Aviv sun nuna wani fure da ke ƙara zaƙin ruwansa cikin minti 3 da jin ƙugin fukafukin zuma. Ko tumatirin da ake nomawa da rani a madatsar ruwa ta Thomas, nan kusa da Dambatta, furensa sai an girgiza shi, ko iska ko ƙwaro, yake sakin garinsa sosai. Ke nan abin da tsiro ke amsawa shi ne abin da ya shafi rayuwarsa: mai cinsa da mai yi masa barbara. Waƙa kuwa tamu ce, mu mutane.

Na ba shi shawara in yana son ya gwada da kansa, ya shuka wake a tukwane da yawa, iri ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwa daidai, rana daidai, ya raba su biyu, ya kuma sa wanda bai san waɗanda aka sa wa kiɗa ba ya auna tsayinsu. Irin wannan tambaya ta yara ba abin kashewa ba ce.

Washegari dattijon ya zaga da ni gonakinsa biyu. Ta bayan gida, wadda ke samun takin awaki da tokar murhu kowace shekara, geronta ya yi duhu, karansa kauri. Ta nesa kuwa ta yi fari-fari, kuma ya nuna mini inda ƙuduji ke fitowa duk shekara in damina ta yi nisa. Wannan muguwar ciyawa ƙwayarta kan kwanta a ƙasa shekaru, ba ta tsirowa sai ta ji sinadarin da saiwar gero ko dawa ke fitarwa, sannan ta maƙale mata tana tsotsa tun kafin ta leƙo sama, kuma ta fi ƙarfi a gonar da ta gaji. A tsakiyar gonar nan ta nesa akwai gawo guda, kuma hatsin gindinsa ya fi na ko'ina kyau. Gawo yakan zubar da ganye da damina, ya bar wa shuka rana da taki, ya yi ganye da rani dabbobi su kwanta a inuwarsa su ƙara wa wurin ƙarfi. Duk gonakin biyu kiɗa ɗaya suka ji a shekarun da ake yi musu gayya. Taki ne ya raba su.

Abin da ya dame ni a tafiyar nan shi ne makaɗin da kansa. Da na gaishe shi bayan an tashi, na ce, “Baba, sannu da aiki,” ya shaida mini cewa damina kan zo ta wuce ba a kira shi ba. Ƙwadago ya maye gurbin gayya, maganin feshi ya rage noman hannu, samari da yawa sun tafi birni neman kuɗi. Yaron da ke biye da shi ma jikansa ne, kuma bai da tabbacin zai riƙe sana'ar. Ba na zargin kowa don ya sayi maganin ciyawa. Wanda ya taɓa sunkuyawa a kunya da zafin hantsi ba zai yi wannan zargi ba. Amma gonar da na ga an nome, ta wani marar lafiya ce, wanda ba shi da kuɗin 'yan ƙwadago, kuma ba don gayya ba da iyalinsa sun shiga rani da rumbu wayam. Take da kirarin da ke cikin kan tsohon nan tarihin gidajen manoma ne na ƙauyuka da dama, kuma babu inda aka rubuta shi.

Don haka ina kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da masu nazarin Hausa a Jami'ar Bayero, da gidajen rediyonmu, su shiga ƙauyukan Dambatta da Makoɗa da Minjibir da Bichi da damina, su naɗi kiɗan noma a bakin gona tun masu shi na da rai. Manomi kuma da ya ji zancen sa wa shuka waƙa, ya bar kuɗinsa ya sayi taki, ya bar gawon gonarsa a tsaye, in an kira gayyar maƙwabci ya ɗauki fartanya ya je.