Daga Baƙin Allo Zuwa Wayar Malama

Ku da kuka shiga aji ɗaya a 1976, shekarar da aka fara shirin UPE na ilimin firamare ga kowa, aka kwaso mu daga gona da kiwo da makarantar allo aka zuba a azuzuwan da sumuntinsu bai gama bushewa ba, na san har yau ba ku manta da aikin ranar Juma'a ba. Kafin a tashi monita zai raba mu, wasu su daka gawayi, wasu su fasa tsohon batir su ƙwaƙulo garin da ke ciki, a kwaɓa da ruwa da ɗanyen ganye, mu bi allon da tsumma lungu-lungu har ya yi baƙi wuluk, sannan mu koma gida da hannu dumu-dumu, riga kuwa sai an sha faɗa a kanta. Ranar Litinin idan malam ya ɗora alli, harafi yakan fito tas, har na bencin baya ya gani.

Kusan duk abin da aka koyar da mu da shi, mu muka yi shi. Karan dawa muke yankawa mu ɗaure goma-goma da zare, ɗauri goma ya ba mu ɗari, don haka da aka zo lissafin aro ba mu sha wuya ba: ka kwance ɗauri ɗaya, ga goma a hannunka. Marafan kwalba su ne kuɗinmu a darasin ciniki. Ƙararrawa tsohon wilin mota ne rataye a darbejiya. Ka Koyi Karatu mu uku muke haɗa kai a kan kwafi ɗaya, Magana Jari Ce na Abubakar Imam kuwa a akwatin hedimasta yake kwana, sai darasin ƙarshe malam ya ɗauko ya karanta mana, ya tsaya daidai inda labari ya yi daɗi, ya rufe ya ce sai gobe.

Yau ɗan aji biyu yana dangwala gilashi, harafi ya faɗi sunansa da kansa.

Ku 'yan baya, kada ku ɗauka na'ura yanzu ta fara leƙo aji. A Nijar tun 1964 aka gwada koyar da 'yan firamare ta talabijin a Yamai, da taimakon Faransa kuma da Faransanci. A 2007 aka raba wa yaran wata firamare a Galadima, gefen Abuja, 'yan ƙananan kwamfutoci masu launin kore, aka yi ta yayata cewa kowane yaro zai sami tasa, maganar ba ta tabbata ba. Jihar Edo ta ba malamanta allon hannu mai ɗauke da darasi tun 2018. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe Nigeria Learning Passport, rumbun darussa a intanet, har da na Hausa. Amma da korona ta rufe makarantu a 2020, abin da ya kai darasi gidajen talakawan Kano da Kaduna rediyo ne, wannan dai da kakanninmu ke ratayawa a kafaɗa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne teku. A aji huɗu malaminmu ya zana taswirar Nijeriya da hannu, ya ja Kwara da Binuwai suka haɗu a Lokoja, ya gangara da su ƙasa, ya cika gindin allon da layuka masu lanƙwasa. Shi kansa bai taɓa ganin teku ba. Ya ce mu ɗauki kududdufin bayan gari mu yi ta faɗaɗa shi a zuci har ya haɗe da sama, mu kuwa muka rufe ido, kowa ya yi nasa tekun. Nawa ja ne, don kududdufinmu ja ne, kuma sai da na girma na san ba haka yake ba. Ba zan ce irin wannan karatun ya fi na yanzu ba. Da yawa cikinmu sun fita aji shida ba su iya karanta wasiƙa ba, bulala kuma ta kori wasu da ba su sake dawowa ba.

Bara na leƙa wata firamaren gwamnati, na tarar da malama tana wannan darasin na teku. Yara sun fi tamanin, rabinsu a ƙasa. Ta ciro wayarta, ta bi layi-layi tana nuna musu igiyar ruwa tana dukan gaɓa, suna ture-ture, masu tsawo suna ɗaga ƙanana. Wata yarinya ta ja da baya don kada ruwan ya taɓa ta. A minti biyu sun ga abin da na yi shekaru ina kuskurensa.

Wayar tata ce. Data daga albashinta take saye, ta sauke bidiyon da dare lokacin da ya fi araha, ta biya mai shagon caji da safe, don makarantar ba wuta. Na ji daɗi, na kuma ji zafi, domin a cikin garin nan akwai makarantun kuɗi da kowane yaro ke da kwamfuta a gabansa, alhali tun 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta, kuma ɗakin jarrabawa ɗaya zai haɗa waɗancan da waɗannan. Mai son kawo intanet aji, da wannan malamar ya kamata ya fara: ya ba ta wutar sola, da data, da horo, da darussa cikin harshen da yaranta ke ji.

Da bidiyon ya ƙare ta juya ga allo ta rubuta teku, ta ce kowa ya kwafa. Allon ya koɗe ya yi fari-fari, na baya suna ta miƙa wuya. Na tambayi monita yaushe rabon da a shafa masa baƙi. Ya ce bai san ana yi ba.