Karan Farko Kyauta Ne: Abokai, Sigari da Yaran da Suka Bar Makaranta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da amincinSa su tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Ya 'yan'uwana matasa, da wuya ka sami mashayin sigari da ya sayi karansa na farko da kuɗinsa. Kusan kullum miƙo masa aka yi, kuma wanda ya miƙo ɗin ba maƙiyinsa ba ne, abokinsa ne da suke cin abinci a kwano ɗaya. Wannan shi ya sa nasiha kan sigari take da wuyar shiga kunnen yaron da ya bar makaranta, domin ba da taba kaɗai kake ja ba, kana ja ne da mutanen da yake ganin su ne suka rage masa.

A ajin dare da nake koyarwa, akasarin samarin 'yan shekara 14 zuwa 18 ne, kuma da yawansu boko ta tsaya musu a ajin uku na ƙaramar sakandare. Wani mahaifinsa ne ya rasu, wani kuɗin jarabawa ne ya gagara. Washegarin ranar da yaro ya ajiye jaka, ba karatu kaɗai ya rasa ba. Ya rasa abin da ke tashinsa da sassafe, da malamin da zai kira sunansa ya tambayi dalilin fashinsa, da sa'o'insa da yake gogayya da su. Sai ya tafi gareji ko tashar mota, ko ya bi mai Adaidaita Sahu. A can ne zai tarar da wata makarantar, wato majalisa, wadda ita ma tana da manyanta da ladubbanta da kuɗin shigarta. Kuɗin shigar a wurare da yawa zuƙa ɗaya ce. Idan ya ƙi a ce masa yaro, ko a yi masa ba'a da "ustazu". Idan ya karɓa ya yi tari a yi dariya, a dafa kafaɗarsa, ya zama ɗan gida.

Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Musal Ash'ari (RA) ya kamanta abokin kirki da mai ɗauke da almiski, abokin banza kuma da mai hura zugazugin maƙeri, wanda ko dai ya ƙona maka tufa ko ka kwashi wari. Duk lokacin da na karantar da shi sai in ga kamar majalisar mashaya aka zana, hatta ƙananan hudojin da tartsatsi ke bari a gaban riga. Bahaushe ma ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Abin da yaron bai sani ba shi ne, abin da ya fara don kunyar abokai jikinsa zai karɓe shi daga hannunsa. Sinadarin nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙu bayan zuƙa, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, shi ya sa ɗan shekara 15 ya fi saurin kamuwa. Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna jawo cutar daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 duk shekara. A Nijeriya, dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Amma je ka teburin mai shayi da daddare ka gani da idonka. Da kwali guda za a tilasta wa yaro ya saya, da yawa ba za su iya ba. Kara ɗaya kuwa canjin shayi ne, kuma yana zagaya baki uku.

Wani zai ce ai malamai sun yi saɓani. Gaskiya ne. Lokacin da taba ta bazu a ƙasashen Musulmi a farkon ƙarni na 17, Ahmad Baba na Tumbuktu ya halatta ta, Ibrahim al-Laƙƙani na Masar ya hana, daga baya Abdulganiy an-Nabulsi na Sham ya rubuta risala kan halaccinta. Sai dai dukkansu sun rasu kafin binciken likitoci na 1950 ya danganta sigari da dajin huhu. Da cutarwar ta tabbata, sai galibin malaman wannan zamani suka tafi kan haramci, suna kafa hujja da hanin jefa kai ga halaka a Suratul Baƙara aya ta 195 da hanin almubazzaranci a Suratul Isra'i. A kan haka Muftin Masar, Nasr Farid Wasil, ya ba da fatawa a shekarar 2000.

Amma ban taɓa ganin yaron da jahilcin hukunci ne ya sa shi shan taba ba. Ya san ba kyau, shi ya sa yake ɓoye ta a tafin hannu idan ya hango malami. Kuma nasihar da muka fi yi, wato "ka rabu da abokan banza", ita ce mafi rashin amfani. Wanda muke kira abokin banza shi ne ya samar masa aikin yaron mota, shi ne ya ranta masa kuɗin magani da mahaifiyarsa ta kwanta. Idan ya rabu da shi, ina zai je? Wajenmu da muke matsawa gefe a sahu saboda warin bakinsa? Wajen Islamiyyar da ke korar ɗalibi idan an kama shi da ashana? A ganina korar nan kuskure ce babba, domin miƙa shi ne kacokan ga majalisar da ake gudu, inda bayan sigari akwai wiwi da sholisho suna jira.

Akwai wani bincike da Nicholas Christakis da James Fowler suka wallafa a 2008, wanda ya bi diddigin mutum fiye da 12,000 a Amurka daga 1971 zuwa 2003. Sun gano cewa mutane suna barin sigari ne rukuni-rukuni: idan aboki ya daina, yiwuwar ɗayan ya ci gaba da sha tana raguwa da kashi 36 cikin 100. Manya aka bincika, a wata ƙasa daban, amma ma'anar a fili take: hanyar da sigari ta bi ta shigo, ta nan ma take fita.

Saboda haka, ɗan'uwa, idan kana da tsohon ɗan ajinku da ya bar makaranta ya faɗa wannan hali, kada ka fara da wa'azi. Ka je garejin ka gaishe shi, ka ja shi ƙwallo da yamma, ka raka shi ajin dare ka zauna kusa da shi ko da yana wari. In ya nuna yana son dainawa, ku nemi mutum ɗaya daga majalisarsa su daina tare, kuma ku sa rana. Watan azumi ya fi dacewa, tunda dama yana wuni sur ba ya sha. Ka faɗa masa gaskiya tun farko: kwana uku na farko su ne mafi tsanani, da ciwon kai da saurin fushi da rashin barci, sannan abin yana sauƙi cikin mako biyu zuwa huɗu. Bayan shan ruwa da bayan sallar isha'i ne sha'awar take taso masa, don haka a waɗannan lokutan ne ya fi bukatar ganinka.