Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

A wajen Bahaushe kalmar "wasa" kishiyar "aiki" ce. In aka ce wa yaro ya bar wasa, ana nufin ya kama abin da zai amfane shi, in kuwa aka ce magana ta wasa ce, to, kada a ɗora mata nauyi ke nan. Saboda haka ba laifin mai karatu ba ne in ya yi tsaki da jin cewa akwai mutanen da wasa ne abincinsu, ba kuwa 'yan dambe ko 'yan ƙwallo nake nufi ba, a'a, masu ƙirar ƙananan wasannin nan da ake yi a wayar hannu. A cikinsu ma ba manyan kamfanoni masu ɗaruruwan ma'aikata ne suka dame ni ba. Wanda ya dame ni shi ne mutum guda, mai zaman kansa, wanda shi ne mai tsara wasan, shi ne mai zanensa, shi ne mai rubuta umarninsa ga kwamfuta, shi ne kuma zai fita da shi kasuwa.

Irin wasan da nake magana a kai ba ya bukatar a sauke shi a waya. Mutum zai buɗe burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, ya taɓa adireshi, sai ga wasa ya fara. In ya gaji ya rufe, shi ke nan, bai cinye masa wuri a waya ba. A dā irin waɗannan wasanni sun dogara ne da wata fasaha mai suna Flash, wadda ta yi tashe a kan kwamfutocin tebur. A shekarar 2010 Steve Jobs ya fito fili ya bayyana dalilansa na hana ta shiga iPhone, daga nan ta fara ja da baya, har kamfanin Adobe ya yi mata sallama a ƙarshen shekarar 2020. Wadda ta gaje ta ita ce HTML5, kuma kowace wayar zamani tana karanta ta ba tare da an ƙara mata kome ba.

Abin da ke jan talaka mai basira zuwa wannan fage a bayyane yake. Wanda zai kai wasansa rumbun manhajoji na Apple sai ya biya dala 99 kowace shekara, na Google kuwa dala 25 sau ɗaya, sa'an nan ya jira a duba aikinsa a amince. In ya yi ciniki, mai rumbu ya daɗe yana yanke kashi 30 cikin 100, kafin a 2021 kamfanonin biyu su sassauta wa ƙananan masu ƙira zuwa kashi 15. Mai wasan burauza bai da wannan ɗawainiya. Ba mai tsaron ƙofa, ba kuɗin shiga. Ya gama da daddare, da safe wani yaro a Barazil yana yi. Ga duk wanda ya taɓa kai rubutunsa kamfanin ɗab'i ya shekara uku yana jiran amsa, wannan 'yanci ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai fa rashin mai tsaron ƙofa bai kawo mai saye ba. Wasa a intanet tamkar rumfa ce a tsakiyar daji: ba mai hana ka kafawa, ba kuma mai wucewa. Dole mai ƙira ya nemi inda jama'a ke taruwa, wato dandalin wasanni irin su Poki na ƙasar Holan, da CrazyGames na Beljiyam. Su ke da 'yan wasa, su ke da masu talla, mai ƙira ya kawo hajarsa a raba abin da aka samu. A Poki rabi da rabi ake yi a kan 'yan wasan da dandalin ya kawo. Ashe wanda ya guje wa kashi 30 ya zo ya ba da kashi 50, yana godiya.

To, mene ne ake rabawa, tun da wasan kyauta ne? A nan ne maganar take. Ba wasan ake sayarwa ba, idon ɗan wasa ake sayarwa. Mai talla yana biya ne a kan kowane kallo 1,000. Mu ɗauka, don misali kawai, dala 2 ce. Dandali ya ɗauki 1, mai ƙira ya ɗauki 1. Kafin dala 100 ta taru ke nan sai an kalli talla sau 100,000. Mai karatu ya tsaya ya ƙirga yawan mutanen da ke jami'ar nan tamu, malamai da ɗalibai da masu shara, ya ga sau nawa kowannensu zai zauna ya kalli tallar sabulu kafin mai ƙira ya sami abin da bai kai kuɗin hayar ɗaki ba a manyan biranenmu.

Akwai waɗanda lissafin ya yi wa kyau, ba a musu. A 2016 wani Ba'amurke, Steve Howse, ya saki Slither.io, wasan maciji mai cin ɗigo yana tsawo, inda ɗaruruwan mutane ke fafatawa a fili guda. Jaridar Wall Street Journal ta ruwaito a shekarar cewa yana samun fiye da dala 100,000 a rana. Labarin nan shi ke hana matasa barci. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a cikinsa shi ne wurin da tallar take fitowa: sai macijinka ya mutu. Wato mai wasan ba ya cin riba sa'ad da kake jin daɗi, sai sa'ad da ka faɗi. Daga baya ma aka yawaita wata dabara, a ce wa ɗan wasa, "Ka mutu, amma in ka kalli talla za a mayar maka da ranka." A duba irin jarrabar da wannan ke jefa mai ƙira a ciki. In ya sa wasan ya yi sauƙi, ba mai mutuwa, ba abinci. In ya tsananta, a gudu. Sai ya zauna yana auna yawan baƙin cikin da mutum zai iya haɗiyewa bai rufe waya ba, ya tsaya daidai nan.

Ni malamin adabi ne, kuma wannan abu ba baƙo ba ne a wurina. A shekarun 1980 da 1990, sa'ad da manyan kamfanonin ɗab'i suka karkata ga littattafan makaranta, matasa maza da mata a Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suna kai wa 'yan kasuwa, abin da aka yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano. Su ma sun tsere wa mai tsaron ƙofa, suka faɗa hannun mai rumfa. Kasuwar nan ce ta koya musu raba labari guda zuwa littafi na 1 da na 2 da na 3, a yanke shi daidai inda zuciyar mai karatu ta tsinke, domin ya dawo ya sayi na gaba. Manazarta sun yi ta kai ruwa rana a jaridu a kan ko wannan adabi ne ko ba adabi ba. Ni abin da na ɗauka daga muhawarar shi ne, hanyar da kuɗi ke shigowa ba ta tsayawa a bakin ƙofar aiki, shiga take yi har cikin ɗaki ta gyara zaman kayan. Inda marubuci ya yanke babi, nan mai ƙira ya dasa talla. Bambancin kawai, mai karatun dā ya san abin da ya saya, ɗan wasan yau kuwa yana zaton kyauta aka ba shi.

Sa'an nan ga ɓarayin zaune. Ba a iya mallakar dabarar wasa kamar yadda ake mallakar kalmomin littafi, wasan burauza kuwa umarninsa yana sauka ne a wayar duk wanda ya buɗe shi, mai sani na iya leƙawa ya kwafa. A watan Fabrairun 2014 Asher Vollmer da Greg Wohlwend suka fitar da Threes, wasan haɗa lambobi da suka shafe wata 14 suna gogewa, suka sa masa farashi na 'yan daloli. Cikin 'yan makonni kwaikwayonsa suka fara fitowa. A watan Maris wani saurayi ɗan Italiya mai shekara 19, Gabriele Cirulli, ya zauna a hutun ƙarshen mako guda ya haɗa nasa a burauza, bisa wasu kwaikwayon da ya gani, ya sa masa suna 2048, ya sake shi kyauta tare da umarninsa duka. Duniya ta ɗauka. Yaron ya ce bai ga dacewar ya ci kuɗi da dabarar da ba tasa ba, kuma ina ganin wannan kunya ce irin ta 'ya'yan mutunci. Amma wani kamfanin Faransa, Ketchapp, ya kai nasa 2048 ɗin rumbun manhajoji da talla a jikinsa, ya hau saman jeri. Masu asali suka wayi gari ana ce wa nasu kwaikwayo. Waɗanda suka yi wata 14 sun sami kaɗan, wanda ya yi kwana 2 ya sami suna, wanda ya iya kasuwa ya kwashe kuɗin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba kowa ne ya bi ta hanyar talla ba. Josh Wardle ya yi Wordle ne domin abokiyar zamansa mai son wasan kalmomi: kalma guda mai harafi 5 a rana, zarafi 6 na cinka, ba talla, ba rajista, in ka gama sai gobe. Ya buɗe shi ga jama'a a Oktoban 2021. A farkon Nuwamba mutum 90 ke yi, a farkon Janairun 2022 sun haura 300,000, a ƙarshen watan kuma jaridar New York Times ta saye shi a kan kuɗin da ya haura dala miliyan 1. Wasan da ya ƙi sayar da idon mutane shi ne aka saya ɗungurungum, kuma saboda idon mutanen aka saye shi. Shi kuwa Luca Galante, wanda ya taɓa aiki a kamfanin wasannin caca ya san abin da ke riƙe hannun mutum a kan na'ura, ya fara sakin Vampire Survivors kyauta a burauza, a dandalin itch.io, daga baya a ƙarshen 2021 ya kai shi kasuwar Steam a kan dala 3. A 2023 ya ci kyautar BAFTA ta gwarzon wasan shekara. A wurinsa burauza dandali ce ta gwaji, kamar mawaƙin da ke fara rera sabuwar waƙa a gidan biki kafin ya shiga ɗakin ɗauka.

Mun san sunayen waɗannan ne domin sun ci. Dubban da suka yi irin wahalarsu ba su ci ba, ba jaridar da ta je neman su. Mafi yawan masu rayuwa da sana'ar nan ba ta hanyar gawurtaccen wasa guda suke ci ba. Wani yana sayar wa dandali izinin amfani da wasansa a kan kuɗi yankakke, wani kamfanin lemo ko banki ya ba shi kwangilar ɗan wasan talla, wani kuma ya tara ƙananan wasanni da dama, kowanne na ɗiga masa abin da ya samu. Aikin ɗinki ne, ba haƙar zinariya ba.

Ɗan wana yana cikin masu wannan ɗinki. Ya karanta kimiyyar kwamfuta, aikin ofis bai samu ba, ya zauna da tsohuwar kwamfutarsa da ɗan janareto. Da ya zo mini hutu ya nuna mini dara da ya ƙera: gurabe 30, kowane ɓangare da 'ya'ya 12, an zana filin kamar rairayin ƙofar gida, umarnin duka da Hausa. Na yi da na'urar sau uku tana cinye ni, raina ya yi fari. Na ce masa ai ya gama, ga Hausawa miliyoyi daga nan har Damagaram da Kumasi. Ya yi murmushi ya ce, "Baffa, ai ba yawan mutane ake biya ba, aljihunsu ake biya." Ya bayyana mini cewa mai talla yana sayen ido ne gwargwadon abin da mai idon zai iya saye, don haka kallon ɗan Amurka guda ya ninka na ɗan Nijeriya sau da yawa. Tun da darajar naira ta zube bayan Yunin 2023, kowace dala da ta shigo masa ta ƙara nauyi, amma man janareto da data su ma ba su tsaya jiran sa ba. Abin da ke ciyar da shi wani ɗan wasa ne na jera 'ya'yan itatuwa masu launi, wanda ba kalma ko ɗaya a cikinsa, kuma shi da kansa ba ya son a ce nasa ne.

Na ba shi shawarar ya juya darar zuwa Ingilishi, ya ce ya gwada, baƙi ba su san dokokinta ba, kuma wanda ya buɗe wasa a burauza ba ya ba ka minti guda na koyo, in bai gane nan take ba ya wuce na gaba. Waɗanda suka san ta tun suna yara su ne masu idon da ba shi da tsada. Na tambaye shi ko ya sa mata talla duk da haka. Ya ce ya sa, ya cire, domin dattawan da ke yin ta da yamma sun aiko suna ƙorafin cewa ana katse musu tunani, abin da take kawowa kuwa bai kai ya ɓata da su a kai ba. Yanzu yana biyan kuɗin ajiyarta a intanet daga ribar 'ya'yan itatuwan, yana kuma aikin ƙara mata hanyar da mutum biyu za su kara daga garuruwa daban-daban, in wuta ta samu.