Hazo, Zinare da Labarin Farfesa Rabi'a a Randagi

Na koyar da kimiyya a yankin Birnin Gwari, kuma na sha ganin yarinya ta iya lissafi sarai, amma da an ambaci fiziks sai ta ce ai wannan na maza ne. Ba laifinta ba ne. A littafin aji daga Newton sai Ohm sai Faraday, babu mace ko ɗaya.

Da muka samu damar tara iyaye mata a Randagi bayan an tashi daga Islamiyya, ban ɗauko littafi ba. Hunturu ne, hazo ya rufe gari, sai na tambaye su daga ina ƙurar nan take zuwa. Muka bi sawunta har kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda iskar arewa maso gabas ke kwaso ta. Sannan na gaya musu akwai Bakanuwa, Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, da ke binciken yadda ƙura da sare itatuwa ke canza zafin gari. Mutanen da ke kallon buhunan gawayi na fita daga dajinsu ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan.

Na ambaci kyautar Gidauniyar Elsevier da ta samu a 2015, da yadda BBC ta sa ta cikin fitattun mata 100 na shekarar. Aka yi mata fatan alheri, shi ke nan. Amma da na ce ta yi aure bayan sakandare, ta haihu, sai tana da shekara 29 ta shiga jami'a, nan wurin ya ɗau surutu. Wata dattijuwa ta ce, "Malama, kina nufin da 'ya'ya a gabanta ta yi karatun?" Na ce ƙwarai kuwa, Inna. A ƙasar da 'yan bindiga suka sa aka rufe makarantu, aka aurar da 'yan mata da yawa karatunsu bai kai ko'ina ba, wannan ne labarin da ya shiga zuciya. Tun daga ranar, in zan gabatar da masaniya, da hanyar da ta biyo nake farawa, lambar yabo ta zo daga baya.

Haka ma zancen zinare. Kowa a nan ya san mai haƙa. Amma ba wadda ta taɓa jin sunan Deborah Ajakaiye, wadda ta yi digirin digirgir a Jami'ar Ahmadu Bello, ta ƙware wajen auna ƙarfin jan ƙasa don gane irin dutsen da ke binne, ta kuma zama mace ta farko farfesar fiziks a Afirka a 1980. Jami'ar Ahmadu Bello kuwa a Zariya take fa, cikin jiharmu.

Abin da ke damuna, laccocin karrama irin waɗannan mata a zauren jami'a ake yin su, da Turanci, gaban waɗanda tuni suka yarda. Uwar da za ta yanke ko 'yarta ta koma aji ba ta wurin. Ita da Hausa za a same ta, a tsakar gida ko a rediyo, da maganaɗisu da ƙaramin faifan sola a hannun mai magana. Kafin mu watse ma, wata mai goyo ta tsare ni sai na bayyana mata dalilin da fitilarta ta sola ba ta cika caji in an yi hazo.