Karkatar bututun bindiga

Bindigar baffana ta faɗo daga babur a hanyar dawowa daga daji, shi ne ya ce in raka shi wajen maƙeri a nan Digil. Tsohon bai taɓa guduma ba tukuna. Ya raba bututun da ƙotarsa, ya cire abin da ya toshe gindinsa, ya zura tsumma mai ɗan mai har cikin ya yi ƙyalli. Sannan ya koma can ƙuryar zaure inda duhu yake, ya nufi hasken ƙofa da shi, ya kanne ido ɗaya yana juya shi a hankali.

"Zo ka gani, ɗana," in ji shi.

Inuwar dogaran ƙofa ce ta shiga cikin bututun, siririya, ta kwanta a jikin ƙarfen. In ya juya wani gefe sai ta tafi sambal har baki. Da ya ƙara juyawa kaɗan sai ta karye a tsakiya, ta yi gwiwa. Nan lanƙwasar take, alhali daga waje ko ka shekara kana kallo ba za ka gan ta ba. Daga baya na samu labarin cewa a da, a masana'antun bindiga na Birmingham a Ingila akwai mutanen da wannan kaɗai ce sana'arsu: leƙa bututu ta hasken taga, su karanta inuwa, su miƙar da shi.

Ko a yau da injuna suka ƙware, da wuya a samu bututun da raminsa ya miƙe ɗari bisa ɗari. Sandar ƙarfe ake hudawa da dogon mahudi, ramin bai kai milimita 6 ba a ƙananan bindigogin gasa, tsawon kuwa ya haura rabin mita. Kafin mahudin ya ɓullo ya ɗan kauce. Lissafinsa ba wuya: bakin bindiga in ya kauce milimita 1 a kowace mita, to a nisan mita 50 harsashi ya bar wurinsa da santimita 5. Da'irar tsakiya ta gasar harbi ta Olamfik a wannan nisan faɗinta milimita 10.4 ne kacal.

Abin da masu haɗa bindigogin gasa suke yi ya burge ni, don ba sa yaƙi da karkatar. Sai su ɗora bututun a injin da ke juya ƙarfe, su auna inda ramin ya karkata, su yi alama, su ɗaura shi yadda karkatar za ta dubi sama, wato ƙarfe 12 na fuskar agogo. Dalilinsu shi ne harsashi dama faɗuwa yake yi tun daga baki, kuma ma'aunin saiti yana da wurin gyara sama da ƙasa. Karkatar hagu ko dama kuwa tana cakuɗewa da iska, maharbi ya rasa wa zai ɗora wa laifi. Akwai ƙwararrun da ke cewa wahalar banza ce, tunda saiti zai cinye bambancin ko ta ina ya zo. A ɗan nisa ina ganin suna da gaskiya. A dogon zango ne nake tare da masu juyawa.

Baffa bai san wannan lissafi ba, amma ya san tasa ƙasa take ja, kaɗan zuwa hagu, don haka saman kan zabo yake aunawa. Karkatar da ba ta canzawa ba ta taɓa damunsa. Abin da yake tsoro shi ne wadda ke zuwa yau ta ɓace gobe: albarushin da ya sha laimar damina, ƙotar da ta saki, ko awon da aka yi da ka. Shi ya sa da mudu guda yake auna albarushinsa, wani ɗan guntun ƙaho, ba ƙari ba ragi.

Ranar 29 ga Oktoba 2014 Boko Haram suka kama Mubi da ke kusa da mu, kuma da sojoji suka ƙwato garin a tsakiyar Nuwamba mafarauta na cikin waɗanda suka shiga gaba. Bayan nan samari da yawa suka shiga sintirin dare, wasunsu da bindigar aro a kafaɗa. Wannan ya hana baffa barci fiye da ƙarar harbi. Duk wanda ya zo aron tasa sai ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗana, ba ka san ta ba." Wanda ya zo da ta wani kuwa sai ya ja shi bayan gari da rana, ya jingina tsohon kwano a jikin suri, ya sa shi ya harba daga taku talatin, su je tare su duba inda dalmar ta shiga.