Injin Aski Tsakanin Akra Da Duwala

Na daɗe ina bin jirgi tsakanin Akra da Duwala, injin askina kullum yana jakar hannu. Masu bincike ba sa hana shi. Reza tsirara da askar wanzami ake ƙwacewa, sai dai su bi babbar jaka. In naka mai caji ne, kada ya yi nisa da kai: batirin litiyam kan kama wuta, a ƙasan jirgi kuwa babu mai gani balle ya kashe.

Sai maganar soket. Na Gana irin na Ingila ne, na Kamaru irin na Faransa. Ka sayi adafta tun a Nima, ɗan'uwa, kada Juma'a ta riske ka a New Bell kanka buzu-buzu.